Injin wanki a gidan Bakatsine: a tambayi ruwa da wuta kafin a tambayi farashi

Da aka zo aurar da ƙanwata shekara biyu da suka wuce, mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini takardar kayan ɗaki da 'yan'uwa mata suka zauna suka rubuta. Bayan gado da kujeru da firji da tukunyar gas, sai na ga an sa injin wanki mai sarrafa kansa, har an ja layi a ƙarƙashinsa an ƙara da cewa a samo irin wanda ke busar da kaya. Na ce, "Hajiya, gidan da za a kai ta fa babu famfo, ruwan 'yan ga-ruwa suke saye." Ta ce, "Ni ma na faɗa, amma gwaggonninku sun ce yarinyar da aka kai watan jiya a danginmu da shi aka kai ta, kuma ba za a ce tamu ta gaza ba." Haka aka haɗa kuɗi aka sayo shi. Yau yana nan a lungun kicin ɗinta an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, an jera kulolin abinci a kansa, ita kuwa duk ranar Asabar tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunne, da baho biyu a gabanta.

Ban kawo wannan labari don in hana kowa sayen injin wanki ba. Ina cikin masu ganin cewa duk magidancin da Allah ya hore wa, injin wanki ya fi cancanta da kuɗinsa a kan babbar talabijin ko sabbin kujerun falo, kuma a gidana akwai shi. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda muke zaɓensa: muna duban abin da ya yi kyau a shago da abin da maƙwabta suka saya, ba ma duban ruwan da ke shiga gidanmu da wutar da ke zuwa unguwarmu. Shi kuwa injin busar da kaya, a ganina, a garin Katsina sayen abin da Allah ya ba mu kyauta ne da kuɗi mai tsada.

Maza da yawa ba sa ɗaukar wanki a matsayin aiki, saboda ba su taɓa tsayawa sun ƙirga shi ba. A gidan da ke da yara biyar ko shida, akwai kayan makarantar boko, akwai na Islamiyya, akwai hijabai farare da ba sa jure kwana biyu ba a wanke ba, ga zanen gado da tawul da kayan jariri, ga labule da bargo idan hunturu ya wuce. Mace za ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye sau biyu ko uku, ta matse, ta shanya, duk a sunkuye, sa'an nan ta miƙe ta ɗora tukunya. Wanda ya taɓa ganin hannun matar da ke wanki da ruwan sanyi da garin sabulu a watan Janairu, yadda fatar ke tsagewa a tsakanin yatsu, ba zai ce injin wanki lalaci yake koya wa mata ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, ya taɓa ba da labari a wata lacca a 2010 game da ranar da aka fara kunna injin wanki a gidansu, yadda kakarsa ta jawo kujera ta zauna tana kallonsa har ya gama, da yadda mahaifiyarsa ta riƙa amfani da lokacin da ta samu wajen kai shi ɗakin karatu da karanta masa littattafai. Mu ma nan abin da inji ke mayar wa mace ke nan: sa'o'in da za ta duba karatun yara, ko ta kula da 'yar sana'arta, ko ma ta huta kawai, domin hutun ma haƙƙinta ne. Kuma mun sani cewa Nana A'isha ta ba da labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa hidimar gida. Mijin da ba zai iya sunkuyawa kan baho ba, aƙalla ya sayo abin da zai sunkuya a madadinsa.

To amma wane iri? Injunan da ake samu a shagunanmu kusan kashi uku ne. Akwai mai baho biyu, wanda ake zuba masa ruwa da bokiti, a murɗa masa lokaci, ya juya kaya a baho ɗaya, sa'an nan a kwashe da hannu a sa a ɗaya bahon ya matse. Akwai mai sarrafa kansa da ake buɗewa ta sama, akwai kuma mai ƙofar gilashi a gaba, wanda shi ne ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma aka fi so a kayan ɗaki. Kamfanoni irin su LG da Samsung da Hisense da Haier Thermocool da Scanfrost duk kayansu na kasuwa, kuma mai shago zai fi son ya nuna maka mafi tsada, wannan ba laifinsa ba ne, sana'arsa ce. Abin da ba lalle ya tambaye ka ba shi ne daga ina ruwan gidanka yake zuwa.

Wannan kuwa ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Inji mai sarrafa kansa da kansa yake jawo ruwa daga bututu, kuma yana buƙatar ruwan ya zo da ƙarfi kafin mashigar ruwan da ke jikinsa ta yi aiki yadda ya kamata. Yawancinsu suna neman ƙarfin da sai tanki ya yi sama da inji da kimanin mita 5 zuwa 10 kafin ya bayar da shi, alhali tankunan gidajenmu da yawa a kan 'yar katanga ko ƙaramin ƙarfe suke zaune. Idan ƙarfin bai kai ba, inji zai yi ta jira yana ɗigar ruwa, ko ya nuna alamar kuskure ya tsaya, sai dai a ƙara masa ƙaramin injin tura ruwa, wanda shi ma kuɗi ne da wuta. A gidan da babu bututu kwata-kwata, irin na ƙanwata, maganar ma ba ta taso ba. Abin takaicin shi ne mai ƙofar gilashin ya fi sauran tattalin ruwa, domin lita 50 zuwa 60 kan ishe shi wanki ɗaya, wato jarka biyu da ɗan ƙari, yayin da mai buɗewa ta sama kan haura lita 100. Ke nan injin da ya fi dacewa da garin da ruwa ke tsada shi ne wanda ya fi wuyar girkawa a garin.

Birnin Katsina ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Ajiwa, garin kuwa ya faɗaɗa ta kowace kusurwa, ya wuce ganuwa da ƙofofinsa nesa ba kusa ba. Madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma tun zamanin mulkin Shehu Shagari aka gina ta, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da wani ɓangare na aikin rarraba ruwanta. Mutanen Daura suna da labarin rijiyar Kusugu, inda maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma akwai unguwannin da har yau famfonsu bai fi macijin nan kyauta ba. Saboda haka mai hali ya haƙa burtsatse, maras hali ya jira mai kura. A irin wannan gari, inji mai baho biyu yana da wata falala da ba a rubuta ta a jikin kwalinsa: bai damu da inda ruwa ya fito ba. Na rijiya ne, na jarka ne, na sama ne da aka tara a randa, duk ɗaya ne a wurinsa. Uwargida tana iya fara wanke fararen kaya, ta sa masu launi a ruwan kumfar nan, ta ƙare da tsummokara, ruwan ɗauraya na ƙarshe kuma ta tare shi a bokiti don wanke banɗaki. Dabarar da iyayenmu mata suka saba yi a baho ce, inji ya karɓi cuɗar da matsar kawai.

Akwai kuma batun tsarki, wanda na lura masu sayar da inji ba sa tunawa da shi, alhali a gidan Musulmi ba ƙaramin abu ba ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, najasa ba ta gushewa a hukunce sai da ruwa tsarkakakke wanda wani abu bai canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba, ruwan da sabulu ya jirkita kuwa ya fita daga wannan siffa. Don haka kayan da fitsarin yaro ko jini ya taɓa, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a fara kawar da najasar da ruwa zalla kafin a jefa su cikin inji, a kuma tabbata ɗaurayar ƙarshe da ruwa mai tsabta aka yi ta. Mai baho biyu yana ba mace damar ganin ruwan da idonta, ta ƙara idan zuciyarta ba ta natsu ba. Mai sarrafa kansa ma yana da maɓallin ƙarin ɗauraya, sai dai da yawa ba su san da shi ba, tun da takardar bayanin da Turanci take zuwa kuma ranar da aka buɗe kwali ake jefar da ita.

Sai wuta. Mai baho biyu wat 300 zuwa 500 yake ja, wanki guda ba ya cin rabin yunit, ƙaramin janareta ko matsakaiciyar sola suna iya ɗaukarsa, kuma idan an ɗauke wuta a tsakiyar aiki sai a tsame kayan a ƙarasa da hannu. Mai ƙofar gilashi yana da abin ɗumama ruwa a cikinsa wanda kan ja kusan wat 2,000, ko da yake ana iya kashe shi a yi wanki da ruwan sanyi, wanda a garinmu ma ba sanyi gare shi ba wata takwas a shekara. Matsalarsa ta fi yawa a allon lantarkin da ke sarrafa shi, wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, shi ya sa sayensa ba tare da sitabilaiza ba ganganci ne. Idan allon ya ƙone, kuɗin sabo na iya kusantar kuɗin ƙaramin inji mai baho biyu, kuma sau da yawa sai an aika Kano ko Legas. Na mai baho biyu kuwa, abin da kan lalace bel ne ko kafasita ko abin murɗa lokaci, waɗanda mai gyaran fanka na bakin titi ma yana iya canja su. Ga kuma ƙofar gilashin da kan kulle kanta idan wuta ta tafi, kayan makarantar yara suna ciki cikin ruwa, gobe Litinin. Wanda ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala, ya san wannan ba zancen wasa ba ne.

Masu sha'awar na hannu, wato waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, su ma su yi hattara. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, irin ta Turai, injunan wankin Amurka kuwa an ƙera su ne don bolt 120, kuma sayen irinsu saboda araha sayen wahala ne.

Yanzu ga injin busarwa, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara sayar da shi a Amurka, kuma mutumin da ake danganta ƙirƙirarsa da shi daga jihar Dakota ta Arewa ya fito, inda rigar da aka shanya a lokacin sanyi takan daskare ta zama kamar katako. Wannan larura ce ta gaske, haka ma ta mutumin da ke zaune a hawa na goma a Landan, babu tsakar gida, babu rana, ga yayyafi ba dare ba rana. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma iska ta bushe har leɓe na tsagewa, rigar da inji ya matse da kyau ba ta cika sa'a guda a kan igiya. Injin busarwa na gama-gari yana jan wat 2,000 zuwa 3,000, kuma busarwa ɗaya na iya cin yunit 3 ko fiye. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya tsaya sama da naira 200 kaɗan. A kan wancan farashi, mai irin wannan wuta zai biya sama da naira 600 a kan aikin da igiyar naira kaɗan ke yi kyauta, wanda ba shi da ita kuma sai ya tayar da babban janareta da man fetur ɗin da kowa ya san yadda ya koma tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Akwai sabon samfuri mai tattalin wuta da ke cin kimanin rabin wannan, amma tsadarsa ta sa ba maganar talaka ba ce, ba ma ta matsakaicin ma'aikaci ba.

Wanda ya haɗa wanki da busarwa a jiki ɗaya, irin na ƙanwata, shi ne ya fi yaudara. Abin da yake iya busarwa bai kai abin da yake iya wankewa ba, mai wanke kilo 8 sau da yawa kilo 5 yake busarwa, don haka dole a tsame wasu kayan a shanya ko ta yaya. Sa'an nan da yawa daga cikinsu da ruwan sanyi suke kama tururin da ke fita daga kaya, ma'ana suna shan ruwa a lokacin busarwar ma. Mutum ya sayi ruwa a wurin mai kura don ya busar da riga, rana kuma tana tsakar gidansa tana dukan siminti.

Na san za a ce mini ina batun marka da ƙura. Gaskiya ne cewa a watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba, kuma da hunturu farar riga na iya sauko wa daga igiya da launin ƙasa. Amma damina a nan daga Yuni zuwa Satumba ce, ranakun da shanya ke gagara a cikinta kuma ba su da yawa, igiya a baranda ko a ƙarƙashin rumfa tana maganinsu, musamman idan inji ya matse kayan. Ƙura kuwa maganinta a shanya a inda iska ba ta bugawa kai tsaye, a kuma kwashe da zarar sun bushe, kada a bar su su wuni. Inda na yarda injin busarwa yana da hujja shi ne asibiti da otal da manyan shagunan wanki, waɗanda ke juya zanen gado da tawul masu yawa kullum kuma ba za su iya jiran gari ya washe ba.

Ban da haka, tufafinmu ba irin waɗanda aka ƙera injunan nan dominsu ba ne. Shadda mai tsada, musamman gezna, ƙyallinta ne darajarta, zafin injin busarwa da yawan juyi kuwa suna kashe shi. Babbar riga mai aikin hannu, leshi mai duwatsu, mayafi mai laushi, duk ba a jefa su cikin inji sai wanda ya shirya yin asara. Wankin hula kuwa sana'a ce mai zaman kanta, da masu ita da sitacinsu da katakon da suke ɗora ta a kai. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa injin wanki zai kashe sana'ar masu wanki da guga ba. Abin da inji ke ɗauka shi ne kayan yara da na gida, waɗanda da ma mata ne ke wanke su ba tare da an biya su ko sisi ba. Kayan maigida na Juma'a da na biki har gobe wurin mai sitaci da bula da dutsen guga na gawayi za su je, shadda kuma wurin masu bugu. Masu wankin ma da suka samu jari sun fara sayen mai baho biyu suna ajiyewa a shago, abin da ke nuna sun fi mu sanin wanda ya dace da garin. Waɗanda nake tausaya wa su ne almajirai da mata masu bin gidaje suna wanki don samun na abinci, domin su kam duk gidan da inji ya shiga ƙofa ɗaya ta ragu musu, kuma ya kamata mai gidan ya tuna da su ta wata hanyar.

Zama da inji yana da nasa ladubban, waɗanda rashin kiyaye su ke kashe shi tun bai tsufa ba. Mai ƙofar gilashi yana zuwa da wasu kusoshi a bayansa da ke riƙe bahon saboda tafiya, kuma wanda ya kunna shi bai cire su ba zai ga inji yana tsalle kamar zai fasa ɗaki. Garin sabulun wankin hannu kumfarsa ta yi masa yawa, akwai nasa na musamman. Aljihunmu kuma cike suke da abin da ke toshe matatar ruwa, daga ɓallin goro da guntun asuwaki har allurar hijabi, ga yashin da ke zubowa daga kayan yaran da suka wuni suna ƙwallo. Mai baho biyu jikinsa roba ne, barinsa a rana yana sa ya yi rauni ya tsage, ɓeraye kuma suna son wayoyin ƙarƙashinsa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne gidajenmu da yawa an ja musu wuta babu wayar da ke sauke ta ƙasa, mace kuma tana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta cikin ruwa. Kiran ma'aikacin lantarki ya gyara wannan kafin a fara amfani da inji ya fi duk wani adon da za a yi masa.

Wani abin da ya wuce gida ya shafi unguwa shi ne inda ruwan wankin ke tafiya. Inji yana sauƙaƙa wanki, sauƙin kuma yana ƙara yawansa, ruwan duk ta rariya yake fita zuwa lungu. A cikin gari, inda lunguna ke da ƙunci kuma kwatoci a toshe suke, wannan ruwa ne ke kwanciya ya zama gidan sauro da abin faɗa tsakanin maƙwabta. Duk mai gina sabon gida a yanzu ya kamata ya ware wurin wanki tun a zane, da bututunsa da soket ɗinsa da ramin da ruwa zai nutse, kuma hukumomin da ke amincewa da taswirar gini suna iya sanya wannan cikin sharuɗɗansu kamar yadda suke duban ramin masai.

Su kuma iyaye masu haɗa kayan ɗaki, kafin a rubuta inji a takarda, a aika wani ya leƙa gidan da za a kai yarinya, ya ga ko akwai tanki, ya tambayi maƙwabta sa'a nawa suke ganin wuta. Daidai ruwa daidai tsaki. Da mun yi haka, da kuɗin da muka zuba a injin ƙanwata ya saya mata mai baho biyu da tanki, har a samu canji. Kwanakin baya na kai mata ziyara na kawo shawarar a sayar da shi a yi hakan, ta yi shiru, ta dubi kulolin da ke kansa, sa'an nan ta ce, "Yaya, ni na yarda, amma kai za ka je ka faɗa wa su Gwaggo." Har yanzu ban je ba.